Ranar da Na Roƙi a Kai Ni Kaso a Madadin Balkisa

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tuɓe takalma a tsakiyar jami'a, na tsugunna gaban farfesoshi ina roƙon a kai ni kaso ba. Ko da na so in manta, mutanen Birni ba za su bar ni ba. Don haka gara in ba da labarin da bakina, tun da kowa a Damagaram yana ba da shi yadda ya ga dama, har da waɗanda suka ce wai suma na yi. (Ban suma ba. Ƙafata ce kawai ta sage.)

Ni baduku ne, ɗan baduku, jikan baduku. Jaka, takalmi, alabe, filon fata, su ne abin da na sani. Amma na yi lakwal, wato makarantar boko, har aji shida, kuma wannan ɗan karatun ya zame mini abin taƙama. A da, lokacin da Nasara masu yawon buɗe ido ke zuwa layinmu, ni ake kira in yi ciniki da su. A fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar, ni ke fassara labarun rediyo. A gida ma haka. In aka yi magana da Faransanci sai Hajiya, uwar yarana, ta dube ni ta ce, "Malam, me suka ce?" ni kuwa in gyara zama in yi bayani. Ban taɓa ce mata ban gane ba. In na kama kalma biyu, sauran sai in cike da basira.

Balkisa ita ce 'yata ta biyu, kuma ita ce ta fara kai wa jami'a a zuriyarmu. Shari'a ta karanta. Wannan na gane shi, don kowa ya san alƙali, kowa ya san aboka, wato lauya. Sai da ta gama lisans, digirin farko, ta same ni a shago wata rana ina yankan fata, ta ce, "Baba, a masta kiriminoloji zan bi."

Na ajiye wuƙa. Kirim dai na san shi, babban laifi ke nan. Na ce, "Ilimin aikata laifi? Balki, wannan ai ba sai an je jami'a ba. Akwai masu koyar da shi kyauta a bayan tasha."

Ta yi dariya ta ce, "Ba koyon aikatawa ba ne, Baba. Nazari ne a kan laifi da mai laifi da wanda aka yi wa laifin, da kuma..."

Na ɗaga mata hannu. "Na gane, na gane. Allah ya ba da sa'a."

Ban gane komai ba. Amma da la'asar na je fada na sanar da su cewa Balkisa za ta zama komiser, babbar 'yar sanda, ta riƙa kama ɓarayi da ilimi. Aka yi ta yi mini barka.

Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne da ta shiga bincike. An ba ta izini tana zuwa gidan kaso tana zama da fursunoni tana yi musu tambayoyi. Tana zuwa komisariya, ofishin 'yan sanda. Tana hawa kabu-kabu ta shiga unguwannin da ni da furfurata nake ratsawa da addu'a, tana neman waɗanda suka taɓa yin kaso suka fito. Har garin Takieta ta je neman wani. Wata rana wani maƙwabcina ya jawo ni gefe bayan sallar azahar, ya rage murya ya ce, "Ba gulma ba, amma an ce an ga Balkisa tana fitowa daga gidan kaso. Lafiya dai ko?" Na ce masa karatu ne. Ya ce, "To, Allah ya sa." Wannan "Allah ya sa" ɗin ya daɗe yana yi mini yawo a ciki. Na fara tunanin ko yarinyar nan za ta taɓo wani babba, ko ta ɗauko wani saƙo daga ciki ba da saninta ba, a wayi gari abin ya juye a kanta.

A nan dole in gaya muku wani abu, don ku san ba haka kawai na haukace ba. Sau ɗaya na taɓa shiga kotu a rayuwata. Balkisa tana ƙarama aka fasa shagona aka kwashe kaya, daga baya aka kama mutumin, aka kira ni a matsayin mai kaya. Abin da na gani a ranar bai bar idona ba: mutane cikin baƙaƙen riguna masu faɗin hannu a bayan dogon tebur, kowa ya miƙe tsaye da suka shigo, shi kuma wanda ake tuhuma yana tsaye shi kaɗai a gabansu. Aka yi ta Faransanci. Kalma biyu na fito da su daga ɗakin nan. Alƙali ya ce "kupabul", wato an same shi da laifi. Ya ce "kondane", wato an yanke masa hukunci. Yana faɗin ta biyun, uwar mutumin ta kurma ihu ta zube. Ni da aka yi wa sata, sai da jikina ya yi sanyi.

To, ranar sutanans ta zo, wato ranar da ɗalibi ke tsayawa ya kare littafin bincikensa a gaban malamai. Ana gobe Balkisa ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Baba, bari in gaya maka yadda abin yake, don za su yi mini tambayoyi masu zafi, kuma akwai alƙali na gaske da aka gayyato cikinsu..."

Na ce, "Ke Balki, ni za ki koya wa lakwal? Na ci bulalar mushe, malaminmu na aji, tun ba a haifi malaman naki ba." Ta tashi ta tafi. (In da na bar ta ta ƙarasa, da yau ba ni da labarin ba ku.)

Da safe na sa babbar rigata ta sallah da takalman da na ɗinka wa kaina musamman. Hajiya ta kwana biyu tana fama da alkaki da dubulan, ga zoɓo a cikin kula. Muka isa, aka kai mu wani ɗaki cike da ɗalibai, aka zaunar da mu a layin gaba saboda mu ne iyaye. Ina ta raba murmushi kamar ni zan karɓi takardar.

Can wani ya ɗaga murya daga bakin ƙofa, sai na ga kowa ya miƙe. Mutum uku suka shigo. Baƙaƙen riguna masu faɗin hannu. Suka wuce bayan dogon tebur suka zauna. Na waiwaya neman Balkisa, sai na gan ta tsaye ita kaɗai a gabansu, bakin wani ɗan ƙaramin tebur da gorar ruwa a kai.

Na ce a raina, wannan tsayuwar ai na san ta.

Ta tsakiya wata dattijuwar farfesa ce mai farin gilashi, ita ce shugaba. A hagunta malamin da ya duba aikin Balkisa, wani saurayin dokta mai sanyin hali. A damanta kuwa wani dogon mutum mai faffaɗan goshi, fuskar nan tasa babu alamar ya taɓa dariya ko a ranar sunan ɗansa. Ba sai an gaya mini ba, na san shi ne alƙalin.

Aka ba Balkisa dama ta fara. Jama'a, ban san 'yar da na haifa ba sai ranar. Yarinyar da a gida sai na ce "ɗaga murya" kafin in ji me take cewa, ita ce ta buɗe baki Faransanci yana zuba ba tuntuɓe ba gargada. Tana magana tana nuna allo, hotuna suna canzawa, ga taswirar garinmu an yi mata ɗige-ɗige, ga wasu layuka suna hawa suna sauka. Ba ta ko duba takarda. Na ga manyan mutanen nan uku suna rubuta abin da take faɗa. Abin da 'yata take faɗa, suna rubutawa! Na manta da tsoro na saki baki ina kallo.

Hajiya ta zungure ni. "Malam, me take cewa?"

Na ce, "Tana gaya musu inda ɓarayi suke ɓuya." Ta gyaɗa kai cikin gamsuwa.

Da ta gama aka tafa. Malaminta ya yi magana kaɗan cikin taushi. Sannan shugaba ta juya ga alƙali.

Ya jawo littafin Balkisa, duk ya sha jan biro, kusurwoyin shafukan a lanƙwashe. Ya cire gilashi ya goge, ya mayar. Ya dube ta ya ce, "Madmazel." Yadda ya faɗi kalmar nan kaɗai ya isa ya sa mutum ya tuna zunubansa. Ya fara magana a hankali yana buga yatsa a kan littafin. Na kasa kunne iya ƙarfina. Na ji "pirizon", kaso ke nan. Na sake jin "pirizon". Na ji "boler", ɓarawo. Ya buɗe wani shafi ya ɗaga ya nuna mata, ta sunkuyar da kai ta rubuta wani abu. Ya ɗaga murya, ya yi tambaya, ya bar ta a rataye, bai jira amsa ba ya ci gaba.

"Malam, faɗa yake mata?"

Na ce, "Yana tambayarta me ya kai ta kaso wurin ɓarayi." Hajiya ta dafe ƙirji.

Sai mutumin nan ya rufe littafin, ya nuna 'yata da yatsa, ya faɗi kalmar da na sani. "Kupabul."

Na ji wasu ɗalibai a baya sun yi 'yar dariya. Na ce a raina, ka ji marasa imani, ana shirin ɗaure 'yar'uwarsu suna dariya. Ban gama wannan tunanin ba ya ƙara ɗaga yatsa, ya sake wata jimla, a cikinta na ji ta biyun ƙarara. "Kondane."

Hajiya ta riƙo hannun rigata. "Malam, me ya ce?"

Na ce, "Hajiya, an yanke mata."

Ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta fara kuka ƙasa-ƙasa.

Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba. Na dai tsinci kaina a tsaye. Na zare takalma, don ba a zuwa gaban mai hukunci da takalmi a ƙafa, haka aka rene mu a Birni. Na taka zuwa gaban teburin, na tattare babbar riga, na tsugunna, na dunƙule hannu na ɗaga.

"Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamanin alƙali! Ni ne ubanta. Don girman Allah a saurare ni kafin a tafi da ita."

Ɗakin ya yi tsit. Na ɗauka shirun izini ne, sai na ci gaba.

"Yarinyar nan ba ɓarauniya ba ce. Tun da aka haife ta ba ta taɓa ɗaukar allurar wani ba, in ban da tana ƙarama da take shanye madarar ƙaninta, shi ma ta tuba. Shigarta kaso ba da mugun nufi ba ne, karatu aka ce mata. In ma akwai laifi, nawa ne da na bar ta. Ranka ya daɗe, in dole sai an ɗaure wani, ga ni. Na riga na tsufa, ɗinkina ko a ciki zan iya yi. A kai ni, a bar ta ta koma wurin uwarta!"

Wani a baya ne ya fara. Wata 'yar ƙara ya yi kamar an matse akuya. Sai ɗakin gaba ɗaya ya fashe. Ɗalibai suna dukan tebur, wasu sun kife a kan 'yan'uwansu, wani ya fita da gudu yana riƙe da ciki. Na ga talho, wayoyin hannu, sama da goma a ɗage suna ɗaukata. Malamin Balkisa ya rufe fuska da takarda, kafaɗunsa suna rawa. Alƙalin kuwa ya zaro ido yana dubana, bakinsa a buɗe.

Na juya na dubi Balkisa. Ta ja gefen mayafinta ta rufe rabin fuska, idanunta sun cika da hawaye. A hankali ta ce, "Baba... don Allah, Baba."

A nan na san na yi ɓarna, ko da yake ban san irinta ba tukuna.

Shugaba ta ƙwanƙwasa tebur da biro har aka yi shiru. Ta leƙo ni ta saman gilashi, sai na ji ta yi magana da Hausar Damagaram tsantsa, irin ta tsofaffin gidaje.

"Malam, sannu da ƙoƙari. Nan ba kotu ba ce, jarrabawa ce. Abin da alƙali ya ce shi ne, ya sami 'yarka da laifin hana shi barci, don ya ɗauki littafinta ya kasa ajiyewa. Hukuncin da ya yanke mata kuwa, ta gyara kurakuran da ya nuna, ta kawo masa nasa kwafin ya ajiye a ofis. Yabo ne. Fuskarsa ce haka Allah ya yi ta."

Aka sake kwashewa. Ni kuwa na so ƙasar ta tsage in shige da rigata da komai. Na yunƙura zan tashi, ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na koma na tsugunna.

Farfesa ta ɗaga hannu. Fuskarta ta canza, wasan ya fita. Ta ce, "Amma kafin yabon ya yi tambaya, kuma ba a amsa ba. Ya ce, in kowane ɓarawo yana da dalilinsa, talauci ko rashin uba ko mugun aboki, to shi wa zai ɗaure? Ya ce yana tsoron wannan ilimin ya zama aboka na masu laifi." Ta juya ga Balkisa. "Madmazel, amsa masa. Amma da Hausa, yadda mahaifinki zai gane. In kin kasa fahimtar da mutumin da ya yarda ya shiga kaso dominki, ban ga wanda za ki fahimtar ba. Wannan ma cikin jarrabawar yake."

Yarinya ta shekara tana shirya amsoshinta da Faransanci, ni na zo da ƙafafuna na sauya mata jarrabawa. Ta ɗauki gorar ruwa. Ta sha, ta ajiye, ta share ido da gefen mayafi. Sannan ta dube ni.

"Baba, ka tuna shekarar da aka fasa shagonka?"

Na gyaɗa kai.

"Da aka je kotu, me alƙali ya tambaya? Shi ne ya fasa? Ina shaida? Wace doka ya taka, kuma mene ne hukuncinta? Wannan shi ne aikin shari'a, kuma ba abin da zai maye gurbinsa, don in babu shi da sanduna za a raba gardama, a kashe mai laifi da marar laifi. Shi ya sa sai da na karanta dokar laifuka da ƙa'idar gudanar da shari'a kafin in taɓa wannan fannin. Ai doka ce ma ke faɗin abin da ake kira laifi. Amma bayan an tashi daga kotu, akwai tambayoyin da aka bari a ƙasa ba wanda ya ɗauka."

Muryarta ta fara tsayawa daidai.

"Me ya sa layinku aka riƙa fasawa, ba layin da ke da fitila da mai gadi ba? Wa ya sayi jakunkunan, har satar ta zama sana'a? Mutumin nan, me ya fara da shi, kuma yaushe? Da ya shiga kaso, da wa aka haɗa shi ɗaki, me ya koya a can? Da ya fito, wa ya buɗe masa ƙofa? Sannan kai, Baba. Kai da ka koma kwana a shago da sanda har damina ta wuce, ko kyanwa ta yi motsi sai ka zabura, ka daina cin abincin kirki. An ɗaure shi, an ce an bi maka hakki. Wa ya zo ya tambaye ka yadda kake?"

Wallahi ban san ta lura ba. A lokacin ko tsawon teburin yankan fata ba ta kai ba. Na sunkuyar da kai.

"Waɗannan tambayoyin su ne karatuna. Littafin doka kaɗai ba ya amsa su. Sai mun aro daga masu nazarin zaman jama'a, da masu nazarin halin ɗan Adam, da masu lissafi, har da likitoci. Sai mun je mun zauna da mutane mun saurare su, mu kuma koyi gane lokacin da suke mana ƙarya, da lokacin da mu muke jin abin da muke son ji."

Ta juya ga alƙali ta ɗan rusuna. "Ranka ya daɗe, sanin dalili ba yafewa ba ne. Wanda ya yi, ka yanke masa. Mu namu shi ne mu bi bayan hukuncin mu ga abin da ya haifar, mu dawo mu gaya maka, mu gaya wa masu rubuta doka. Cikin waɗanda na zanta da su, waɗanda suka fito suka sami mai karɓarsu da abin yi, akasari ba su koma ba. Waɗanda aka rufe wa ƙofa, da yawa na sake samunsu a ciki. Ba su da yawan da zan rantse in ce haka abin yake ko'ina, kuma ka yi gaskiya da ka ce na ba masu laifi shafuka fiye da waɗanda aka cuta. Zan gyara. Amma babana in ya ɗinka takalmi, ba ya cewa aiki ya ƙare sai mai shi ya taka an ga inda yake matsa shi. Abin da muke roƙon shari'a ta bar mu mu yi mata ke nan."

Ɗaliban da ɗazu suke birgima sun yi tsit. Na ga alƙalin ya ɗauki jan bironsa, ya buɗe littafin, ya ja layi ya soke wani abu da ya rubuta. Ni kuwa ina tsugune ba takalmi, ina kallon yarinyar da na goya a kafaɗa, na ji kamar an buɗe mini wata ƙofa a cikin gidana da ban taɓa sanin akwai ta ba. Ashe akwai mutanen da aikinsu ke nan, su zauna su yi tunani a kan ɓarawo da wanda aka sata wa da alƙali da kason kansa, duka a lokaci ɗaya. Kuma 'yata tana cikinsu.

Shugaba ta ce kowa ya fita za su yi shawara. Ɗalibai biyu suka kama ni suka ɗaga. Takalmi ɗaya na samu. Ɗayan ya shige ƙarƙashin teburin malamai, sai da alƙali da kansa ya turo mini shi da ƙafa.

A waje muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar bedi. Hajiya ta gyara ɗaurin ɗankwali. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Shekara da shekaru kana fassara mini labarun rediyo. Yanzu wanne zan yarda da shi?"

Na lallaɓa wurin Balkisa, tana jingine da bango ita kaɗai. Na ce, "Balki, na ɓata miki ko?"

Ta ce, "Ban sani ba tukuna, Baba." Ba da fushi ta faɗa ba, shi ya sa ya fi yi mini ciwo. Na tsaya kusa da ita ina jan carbi, ina roƙon Allah kada wautata ta ci wahalar yarinyar nan.

Da aka kira mu, kowa ya tsaya a tsaye, shugaba ta karanta sakamako. Wannan karon na kama bakina. Amma a ƙarshe ta faɗi kalmomin da ko ni ban isa in ɓata fassararsu ba, don na sha jinsu a bakin Nasara in jaka ta yi musu kyau: "Tire biyan." Ɗakin ya ɗauki tafi, Hajiya ta rangaɗa guɗa, Balkisa ta juyo ta faɗa jikin uwarta, sannan ta miƙo hannu ta riƙe nawa ta matse.

Ana rabon alkaki alƙalin ya nufo ni. Na fara laluben hanyar gudu. Ya kama hannuna da nasa biyu, ya yi magana da Hausarsa ta mutanen yamma, har yanzu ba murmushi. "Baba, na daɗe ina sauraron aboka iri-iri. Ban taɓa ganin wanda ya ce a ɗaure shi a madadin wanda yake karewa ba. Sannu, Metir."

Metir kuwa laƙabin aboka ne. Ɗalibai suka ji, suka ɗauka. Kafin la'asar hoton bidiyon da suka ɗauka ya riga ni isa fada. Na tarar an share mini tabarma ta musamman, wani ya tashi ya tuɓe takalma ya tsugunna yana cewa a kai shi kaso a madadin butar shayi. Har daga garin Dogo wani mai kawo mini fata ya kira ni a talho, bai ko gaisa ba ya ce, "Metir, madarar ƙanin nata, an biya diyya kuwa?" Sunan ya zauna. Jikokina ma wasu sun ɗauka sunana ne na yanka.

Darasin da na ɗauka ba mai tsawo ba ne. In yaronka ya ce zauna in yi maka bayani, ka zauna, ko da kai ka sa shi lakwal. In kuma kalma biyu ka sani a harshen mutane, kada ka ɗora wa kanka aikin tafinta, balle a layin gaba.

Hoton yana nan a cikin talhona, Balkisa ce ta sa mini da na roƙe ta. Hajiya tana tsammanin don in yi wa kaina dariya nake kunna shi. Ba ta san na koyi yadda ake ja da yatsa a tsallake ba. Ina wuce wurin tsohon nan da ke tsugune yana ba da labarin madara, in tsaya daidai inda yarinyar ta ajiye gorar ruwa ta ɗago kai ta ce, "Baba, ka tuna?" Daga nan nake saurare har ƙarshe, kuma kowane karo sai na ji wani abin da ban ji ba a baya.